Ƙugiyar da Ba Ni Na Sa Ba

Kun taso kuna jin wani labari a kaina, kuma na lura duk wanda zai ba ku shi sai ya rage murya ya waiga ƙofa. Wai ni Rabi, uwarku, na zauna da hankalina na yi wa ƙanwata Dije mummunar addu'a a jikin bokitan bikinta. Na yi shiru saboda Iya tana raye, daga baya na ci gaba da shirun saboda Yaya Bala yana raye. Yanzu duk su biyun sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, ni kuma idona ya fara gajiya da allo. Bari in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya bambanta haruffa, don haruffan ne suka jawo min komai.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Yaya Bala ya sayo kwamfuta tokumbo, wato ta hannu, ya kama shago kusa da layin dogo a nan Agege. Kawunku gyaran rediyo ya koya, amma daga ranar da kwamfutar ta shigo ya naɗa wa kansa sarautar injiniya, kuma babu wanda ya isa ya cire masa, don shi kaɗai ne namiji a gidanmu, Baba kuwa ya daɗe da rasuwa. Aikin bugawa nawa ne. Ni aka kai Zariya wurin kakarmu tun ina 'yar mitsitsiya, can na yi makaranta na koyi tafireta, sai da aure ya dawo da ni Legas. Su Yaya Bala da Dije a Agege aka haife su, a Agege suka girma, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, Hausarsu kuwa irin ta unguwa ce. Kasa da ƙasa duk ɗaya suke faɗa, baki da baƙi ma haka. Ban taɓa ganin aibinsu ba a kan wannan, haka kunnensu ya tashi.

Kwamfutar nan da tsohon tsari ta zo. Shuɗin allo ne fayau, ba hoto ba ado, komai da maɓalli ake yi. Wani tsohon mai ɗab'i da na sani a Zariya ya aiko min da ɗan faifai mai haruffanmu masu ƙugiya. Idan na danna q, a allo q zan gani, amma a takarda ƙ ce za ta fito ras. Haka x take ba ni ɗ, v ta ba ni ɓ. A duk Agege shagonmu kaɗai ke fitar da Hausa da ƙugiyarta. Sauran shaguna su buga maka a miƙe, in kana so ka bi da biro ka lanƙwasa da kanka. Na yi alfahari da wannan, ba zan ɓoye muku ba. Duk wanda ya kawo min rubutu ya bar ƙugiya sai na gyara, na kuma gaya masa na gyara, har aka riƙa kirana Rabi mai ƙugiya.

A lokacin duk wanda ya taɓa maɓalli sau biyu ya zama malamin kwamfuta. An saki bakin mutane daga mulkin soja ba su san inda za su kai shi ba, sai suka zo suka sauke shi a bencin shagonmu. Shagon da ke tsallaken titi ya sa sabon tsari, mai 'yan hotuna da kala, wanda ake sarrafawa da maus, wannan ɗan abin da ake ja a kan tebur. Shi ke nan unguwa ta rabu gida biyu. Oga Kunle, akawun wani lauya da ke kawo mana takardun rantsuwa, shi ne shugaban 'yan adawa.

"Madam, kar ki yarda o," in ji shi. "Wancan sabon, ka ce masa goge, sai ya tambaye ka ko ka tabbata. Ka ce rufe, ko ka tabbata. Ni da girmana inji zai tsare ni da tambaya kamar ɗan sanda a shingen hanya? Kana tsakiyar aiki kuma ya sandare, ba gaba ba baya."

Malam Isa, mai buga takardun addu'o'i yana rabawa a masallaci, nasa ƙorafin ya fi ciwo.

"Na je can sau ɗaya, ban ƙara ba. Sunan mahaifina ya ja wa jan layi, wai kuskure ne. Kowace kalmar Hausa jan layi, tun daga sama har ƙasa. Wata ma bai tambaye ni ba ya mayar da ita Turanci. Wannan ai rashin kunya ne, Hajiya."

Alhaji Mudi mai goro shi kuma sabon yake so, kuma dalilinsa guda ne.

"Ni dai na ga karta a cikinsa, kuma ba ya cuta. Ku bar abin mutane ya huta."

Ni ra'ayina bai taɓa canzawa ba har yau da nake rubuta muku wannan a wayar da ke gyara min kalma ba da izinina ba. Tsohon tsarin nan ba shi da kyan gani, amma bai taɓa sa min baki a magana ba. Abin da na ce masa shi yake yi, wanda ban ce ba ya bar min abina. Yaya Bala kuwa kunya yake ji idan abokansa suka leƙo suka ga shuɗin allo. Ga kuma jita-jitar da ta cika gari cewa shekarar dubu biyu na shiga duk tsohuwar kwamfuta za ta mutu, har da jiragen sama za su riƙa faɗowa. Kullum sai ya dawo daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja da sabon faifai a aljihu da sabuwar barazana a baki.

"Rabi, abeg, duniya ta wuce wurin nan. Kastoma kala yake so, fulawa yake so a jikin kati. Wannan sistem naki na zamanin soja ne, ya kamata shi ma ya koma bariki."

"Yaya, sabon yana da ƙugiya?"

"Wace ƙugiya jare? Ai kowa zai gane."

"To ka bar min shi har a gama bikin Dije. Bayan nan ka yi yadda kake so."

Ya ce ya ji, ya kuma ce wallahi. Ku riƙe wannan.

Dije a lokacin tana tsakiyar karatunta ta haɗu da Lawal, dillalin tumatir a kasuwar Mile 12, mutumin Funtuwa. Ba ni da abin faɗa a kan Lawal, mutumin kirki ne tun asali. Abin da na ce kawai, na kuma faɗa a gaban kowa don ban iya munafunci ba, shi ne a bari yarinya ta gama makaranta tukuna. Dije ta yi kuka, Iya ta ce in cire bakina, na cire. Aka sa biki bayan ƙaramar Sallah. Kun san al'adar da muka ɗauka wurin maƙwabtanmu Yarabawa, ta rabon bokitai da kofuna masu sitika ɗauke da hoton ango da amarya. Ni na zauna da tsohon cikinka, kai Nasiru, ƙafafuna a kumbure, na tsara kalmomin da za a sa a ƙasan hoton. Na rubuta: Allah Ya kare wannan aure, Ya ƙara danƙon ƙauna. Na karanta na maimaita, na adana a fayil, na ce wa Yaya idan an kawo hoton sai ya fitar ya kai wa masu ɗab'i a Shomolu.

Naƙuda ta kama ni cikin azumi. Ina asibiti ina fama da kaina, Yaya Bala ya ga fili, ya share tsohon tsari kaf ya ɗora sabo, haruffan Zariya suka bi ruwa. Shekarar dubu biyun ma ta shiga babu jirgin da ya faɗo, tsofaffin kwamfutoci kuma ko tari ba su yi ba. Da ya buɗe fayil ɗina sai ya ga q tsirara a wuri uku, qara da danqon da qauna. Ya san me nake nufi da su, don haka ya shiga manhajar zane ya mayar da su k, ya zana wa kowace ƙugiya da maus. Sai idonsa ya faɗa kan kalmar kare, ita kaɗai a miƙe. A kunnensa duk sauti ɗaya ne. Ya yanke hukuncin cewa nauyin ciki ne ya sa na manta da ita, ya taimake ni ya lanƙwasa mata kai. Masu ɗab'in Shomolu ba sa jin Hausa, suka buga abin da aka ba su, da kala, da fulawa a kowace kusurwa.

Ina ɗaki ina jego aka yi biki, ban ga bokiti ko ɗaya ba. An raba su kaf, mutanen Agege suka kai gida suna yabon kalar, babu wanda ya ga komai. Cikin dangin ango da suka zo daga Funtuwa akwai yayar mahaifinsa, Gwaggo Saude, tsohuwar malamar firamare. An ce ta ɗaga bokitin sama ta karanta, ta cire tabarau ta goge ta sake karantawa, sannan ta yi salati da ƙarfi har masu kiɗa suka tsaya. Abin da ke jikin bokitin shi ne: Allah Ya ƙare wannan aure. Nan take dangin ango suka ce amarya ba za ta shiga ɗaki ba sai an san wanda ya yi musu wannan fatan.

Da aka kawo min bokitin ina shan kunun kanwa, kallo ɗaya na yi masa na gane hannun. Ƙugiyoyin karkatattu ne, babu biyu da suka yi kama da juna. Na aika aka kira min Yaya Bala, ya shigo tare da Iya yana share gumi.

"Yaya, me ya kai hannunka kan kalmata?"

"Uku suna da shi, ɗaya ba ta da shi. Na ce kin manta ne. Ni ina na san akwai bambanci?"

"Ka ce min wallahi ba za ka taɓa injin ba."

"Rabi, bar maganar inji yanzu. Za mu ce kwamfuta ce. Cuta ta shiga sistem, shi ke nan."

Washegari da hantsi dangin ango suka cika falon Iya. Aka fito da ni da zanen jego na zauna a gefe, Dije tana ƙuryar falon a lulluɓe. Yaya Bala ya miƙe ya yi musu lacca a kan cutar kwamfuta, rabi Hausa rabi Turanci, har da nuna yadda take cin haruffa da yatsunsa. Gwaggo Saude ta bar shi ya gama.

"Ɗana, ni ban san kwamfuta ba, amma na san ba ta gaba da kowa. Mutum ne ya zauna ya sa ƙugiyar nan. An ce mana akwai wadda ba ta so a yi auren ba tun farko. An kuma ce mana a duk garin nan babu wanda ya san ƙugiya kamarta. To wanda ya san abu haka, ya za a yi ya yi kuskurensa?"

Duk falon ya juyo gare ni. Na dubi Yaya Bala, shi kuma ya sami wani abin kallo a jikin silin. Na buɗe baki zan yi magana Iya ta ce a ba ta minti ɗaya da 'yarta, ta ja ni ɗaki ta rufo ƙofa. Ban taɓa ganin Iya ta roƙi ɗan da ta haifa ba sai ranar.

"Rabi, ki rufa min asiri. Bala ne waliyyin yarinyar nan, shi ya ba da aurenta. Mutanen nan dama kallon 'yan Legas suke mana, wai mu ba Hausawa ba ne. Idan suka ji namijin gidan bai san kare da ƙare ba, Dije ba za ta taɓa ɗaga kai a cikinsu ba, 'ya'yanta ma da shi za a riƙa yi musu gori. Ke mace ce, ki durƙusa a ce nauyin ciki ne da zafin zuciya. Kwana biyu an manta."

"Iya, in ce na yi wa ƙanwata baki?"

"Ki ce kin yi kuskure. Don nonon da kika sha."

Na fito na durƙusa a gaban Gwaggo Saude, jikina ko warkewa bai yi ba, na ce ni ce, a yi haƙuri. Har yau idan na tuna sanyin simintin nan a gwiwata sai zuciyata ta tafasa. Gwaggo ta yi min wa'azi mai tsawo a kan hassada tsakanin 'yan'uwa, aka yanka rago aka yi sadaka, aka kai amarya ɗakinta. Yaya Bala ya raka baƙi har bakin mota yana ba su haƙuri a madadina, yana cewa ai mata sai a hankali. Da kunnena na ji shi.

Ba a manta ba. Da na yi arba'in na sayi reza na riƙa bi gida gida, kai Nasiru a bayana, ina roƙon a fito min da bokitin biki in kankare ƙugiyar. Na ɗauka gyara nake yi, ashe shaida nake raba wa unguwa. Matan da ba su taɓa lura ba sai a lokacin suka san akwai magana, wasu ma suka ɓoye nasu don su nuna wa baƙi. Waɗanda aka tafi da su Funtuwa kuwa hannuna bai kai ba. Na koma shago na tarar da sabon tsari yana ja wa sunana jan layi, yana sandarewa sau nawa a wuni, Yaya Bala yana kashewa yana kunnawa yana cewa haka na zamani suke. Masu katin aure da na suna suka daina zuwa wurina, wa zai ba mai baki rubutun bikinsa? Oga Kunle kaɗai ya ci gaba da kawo takardunsa, kullum kuma sai ya ce ai ya gaya mana. Kafin shekara ta zagayo na bar shagon na koma sayar da atamfa a gida. Babanku ya so ya je ya fasa ƙwan, na hana shi saboda alkawarin da na yi wa Iya.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya shiga tsakanina da Dije. Yarinyar da na yi wa kitso, na biya wa karatu, ta daina haɗa ido da ni. Idan na shiga ɗaki ta sami dalilin fita. Ta haifi 'yarta ta fari ba a kira ni wanka ba, na aika da kayan jarirai aka ce an gode. Duk cikin da ya zube mata, duk asarar da Lawal ya yi a kasuwa, sai na ji a bakin mata cewa ai abin da aka rubuta ne yake bibiyarsu. Auren nan yana nan daram har gobe, da 'ya'ya da jikoki, amma ban taɓa jin wanda ya ce to ashe bakin Rabi bai kama ba. Na riƙa gaya wa kaina Dije tana da hujjar fushi, tunda ta ji ni da kunnenta na ce ni ce. Da wannan na yi ta ba ta uzuri har gashina ya yi fari. Ku kanku da kuka girma kun sha zaunar da ni kuna cewa, Mama, ki je ki sake ba Anti Dije haƙuri mana, zumunci ya fi komai.

Bara da Yaya Bala ya rasu, muna zaman makoki a tsakar gidan Iya, mutane sun ɗan ragu bayan la'asar, sai ga Dije ta zo ta zauna a tabarmata, kafaɗarta tana taɓa tawa. Rabon da ta matso kusa da ni haka tun tana budurwa. Na yi zaton mutuwa ce ta sanyaya mata zuciya za ta ce ta yafe min, har na fara shirya yadda zan karɓi yafiyar laifin da ban yi ba. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta yi magana, murya ƙasa ƙasa.

"Yaya Rabi, tunda ya tafi bari in sauke. Ranar da ya yi zanen nan ina tsaye a bayansa, ni na kai masa hoton. Ya nuna min kalmar kare, ya tambaye ni ko a sa wa wannan ma ƙugiya. Na ce ya sa, ta fi kyau da lanƙwasa."

Na ji tsakar gidan ta yi min nisa. Ashe tana lulluɓe a ƙuryar falo tana kallona a durƙushe, ta sani. Ashe duk shekarun da take kauce wa idona ba fushi ba ne, ni ce nake ta neman gafara wurin wadda ba ta iya kallona don kunya. Na ce mata to alhamdu lillahi, Lawal yana waje cikin maza, 'yan'uwansa na Funtuwa ma sun zo gaisuwa, ta tashi mu je ta maimaita a gabansu. Ta zare ido ta riƙe min hannu gam.

"Haba Yaya, bayan shekarun nan? Ai ya wuce. So kike ki kashe min aure?"

Na zare hannuna daga nata, na ɗauki mayafina na fito, ban tsaya addu'ar uku ba. Har yau ba ta faɗa wa kowa ba. Ƙanwar uwarku ce, ku je ku gaishe ta, ku ci abincinta, ku yi zumunci da 'ya'yanta, ban hana ku ba. Amma daga yau kada wanda ya sake zama a gabana ya ce in je in ba ta haƙuri.